Toyota Land Cruiser: motar da ta zame mana hanya inda babu hanya

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta a ƙasar nan, ya nufi Barmo daga Dakwaro, ko Cintabaradan daga Tawa, ko kuma Tasker daga Gure, ya san cewa akwai wurin da ƙaramar mota take yin sallama da matafiyi, daga nan sai katkat. In kuwa aka ce katkat a Nijar, to mafi yawan lokaci Toyota ake nufi, ko dai Land Cruiser ko ƙanwarta Hilux. Ita ce motar soja da jandarma da ƴan duwan, ita ce motar furoje, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ce kuma ɗan fashi yake kwana yana mafarkin ƙwacewa. A wani shirin da muke gabatarwa a rediyo mun buɗe wa masu sauraro layi a kan tsadar sufuri, sai muka tarar kusan duk wanda ya kira daga karkara maganar motar nan yake yi: tsadar kayan gyaranta, tsadar manta, da tsufan waɗanda ke kan hanya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihinta, mu kuma dubi halin da masu ita suke ciki, domin abin da ya taɓa ta ya taɓa talakan da bai taɓa riƙe makullinta ba.

Asalin motar daga ƙasar Japan yake. Lokacin da ake yaƙin Koriya, hukumomi suka nemi kamfanonin ƙasar su ƙera wa rundunar ƴan sanda ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu irin Jeep ta sojan Amurka. A shekarar 1951 Toyota ta fito da tata mai suna BJ, amma ba ita ta ci kwangilar ba. Duk da haka a watan Yuli na wannan shekara direban gwajin kamfanin, Ichiro Taira, ya hau dutsen Fuji da ita har zango na shida, abin da ya jawo hankalin ƴan sandan suka fara sayenta daga baya. Tun da sunan Jeep mallakar kamfanin Willys ne, sai a 1954 aka raɗa mata Land Cruiser, sunan da ke nuna a fili cewa da Land Rover ta Ingila, wadda ta fito tun 1948, ake son yin gogayya. Samfurin 40 da dattawanmu suka sani ya fito a 1960, aka yi ta ƙera shi har 1984, shekarar da samfurin 70 ya gaje shi. Daga wannan gida na 70 ne ake samun mai buɗaɗɗen baya da ke lodin buhuna da mutane, da kuma doguwar nan mai rufi da ake mayarwa motar ɗaukar marasa lafiya. A ɗaya ɓangaren kuma kamfanin yana da layin motocin jin daɗi, irin su samfurin 60 na 1980, da 80, da 100, da 200 wadda muke kira V8, har zuwa 300 da ta fito a 2021. A shekarar 2019 Toyota ta ba da sanarwar cewa Land Cruiser da ta sayar a duniya sun haura miliyan 10.

Idan ba a manta ba, a farkon mulkin kai Land Rover ce motar kwamanda da likitan dabbobi, manyan motocin Berliet su ne na hamada, Peugeot 404 kuma ita ce ta kasuwannin ƙauye. Sannu a hankali Toyota ta ture su, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna da kanikawa. Injin da ake kira 1HZ, wanda aka fara sakawa a 1990, mai silinda 6 ne da lita 4.2, yana shan gazwal, ba shi da turbo, ba shi da kwamfuta, famfon mansa na ƙarfe ne zalla. Ba shi da gudu, amma yana da haƙuri da zafi da ƙura da man da bai cika tsabta ba. Gangar motar tana zaune a kan shasi mai kauri, ƙarafan da ke ɗaukar nauyi a baya kuma ko ɗaya ya karye ana iya ɗaure shi a lallaɓa a kai gari. Wani dattijon direba da ya kira mu daga yankin Dakwaro ya ce shi abin da ya sa bai rabu da tasa ba, duk abin da ya lalace a cikinta yana jin sa da kunne, yana ganin sa da ido, kuma yaron garejin da ke bakin tasha zai iya kwance shi da sifana. A ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, wadda mafi yawanta hamada ce, wannan shi ne bambanci tsakanin isa gida da kwana a daji.

Sunan motar ya shiga tarihin yaƙi a maƙwabciyarmu Cadi. A 1987 sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, sun tunkari tankokin Libiya da motocin Toyota kimanin 400 da Faransa ta ba su, waɗanda aka ɗora wa makamai masu fasa tanka. Sun karɓe Fada a watan Janairu, suka karɓe sansanin Wadi Dum a watan Maris, a watan Satumba kuma suka kai hari har cikin Libiya kafin a tsagaita wuta. Tun daga lokacin ake kiran wannan faɗa yaƙin Toyota, kuma tun daga lokacin duk mai ɗauke da bindiga a yankin Sahel ya gane darasin. Mun gani a tawayen arewacin ƙasarmu na shekarun 1990 da na 2007, mun gani a Mali da Libiya, har ta kai a 2015 gwamnatin Amurka ta tambayi kamfanin yadda aka yi ƴan ƙungiyar IS suka mallaki motocinsa da yawa haka. Ƙarfin da ya sa likita yake son motar shi ne ya sa ɗan ta'adda yake son ta. Saboda haka mai katkat a wasu yankuna yana tafiya ne da fargaba iri biyu, ta masu ƙwace a daji da ta zargi a shingen jami'an tsaro.

A jahar Agadas kuwa motar ta ga zamani kala-kala. Ta yi zamanin masu yawon buɗe ido da gasar Paris-Dakar wadda aka fara a ƙarshen 1978, har zuwa shekarar 2000 da barazanar tsaro ta sa aka kwashe ƴan gasar da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu suka koma jigilar matafiya zuwa Dirku da Libiya, daga 2014 kuma aka samu zinariyar Jado. Sai ga doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda aka fara aiki da ita sosai a 2016 tare da goyon bayan Tarayyar Turai. Aka kama direbobi, aka tsare motoci fiye da 100, jarin magidanta da yawa ya ruɓe a rana. Waɗanda suka ci gaba da sana'ar suka kauce wa rijiyoyi da ayarin soja, suka bi hanyoyin da in mota ta mutu babu mai wucewa. A watan Nuwamba na 2023 shugaba Abdourahamane Tiani ya soke dokar. Mu mutanen kudu kada mu ɗauka wannan labarin na nesa ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da damansu ƴan yankin Kance, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. A hamada lafiyar mota ita ce lafiyar fasinja.

To yau ina aka kwana? Matsala ta farko ita ce hanyar shigo da kaya. Shekara da shekaru tsofaffin motocin Turai da kayan gyara ta tashar Kotonu suke biyowa, su ƙetaro gadar Malanbil zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 ƙungiyar CEDEAO ta saka takunkumi, aka rufe iyaka. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma hukumominmu sun bar gadar a rufe a tsawon 2024 da 2025 bisa dalilan tsaro, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuɗin kuma a kan mai saye yake faɗawa. Inda kayan asali suka yi tsada kuwa, nan jabu yake samun kasuwa. Wani mai jigilar kasuwannin ƙauye ya ba mu labarin yadda ya sayi bel ɗin inji a cikin kwali mai tambari kamar na gaske, bai yi wata biyu ba ya tsinke masa a tsakiyar tafiya, injin ya tashi aiki, ya sayar da shanu biyu kafin motar ta koma hanya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma wanda bai da zaɓi me zai yi?

Matsala ta biyu ita ce mai. A watan Agusta na 2022 litar gazwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, a watan Yuli na 2024 kuma aka sauko da ita 618, asansi ya sauko daga 540 zuwa 499. Sai dai tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, man ƴan ruwa-ruwa da jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa suka dogara da shi ya daina araha, kowa ya koma gidan mai, matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20.000 a rana ta kasa ɗaukar nauyin ita kaɗai, abin da ya haifar da dogayen layukan da muka gani a watan Maris na 2025. Land Cruiser kuwa ba ta san tsimi ba, musamman in ta shiga rairayi da lodi. Duk abin da direba ya ƙara kashewa, a kan buhun hatsi da kuɗin fasinja yake fanshe shi.

Matsala ta uku, wadda ba a cika maganarta ba, ita ce motar kanta tana sauyawa. Dokokin rage hayaƙi a ƙasashen da suka ci gaba sun tilasta wa kamfanoni yin injuna masu aiki da kwamfuta, waɗanda ke fesa mai da matsi mai tsanani kuma ba sa jure gurɓataccen gazwal. A 2023 samfurin 70 da kansa ya samu sabon inji mai silinda 4 da lita 2.8 da giya mai canza kanta. Irin wannan mota in ta tsaya, kunne da sifana ba sa wadatarwa, sai an jona mata na'urar bincike. Kanikawanmu nawa ne a Tanut ko Abalak suke da wannan na'ura, balle sanin karanta ta? Tsofaffin da muke taƙama da su kullum ƙara tsufa suke, waɗanda za su gaje su kuma sun fi ƙarfin garejin bakin tasha. In ba a yi shiri ba, ranar tana zuwa da za a riƙa jan motar asibiti ɗaruruwan kilomita zuwa babban birni saboda wata ƴar waya da ta saki.

A nan ne muke ganin akwai gyara a wajen magabata. Abu na farko, a duba yadda ake kashe kuɗin ƙasa wajen sayen motoci. Land Cruiser iri biyu ce, akwai ta aiki akwai ta alfarma, kuma kuɗin V8 guda da ke yawo tsakanin ofis da gida a kan kwaltar Yamai zai iya sayen motar marasa lafiya fiye da ɗaya. Mun sha ganin gidan likita na karkara da motarsa ke kan duwatsu babu taya, dangin mai naƙuda suna neman amalanke cikin dare. Sayen mota ba tare da ware kuɗin kula da ita ba, zubar da dukiya ne. Abu na biyu, makarantun koyon sana'a su shigar da gyaran wutar mota da aiki da na'urar bincike cikin karatunsu, a kuma buɗe ƙofa ga yaran gareji da ba su yi lakwal mai zurfi ba amma suna da hannu. Abu na uku, jami'an duwan da ma'aikatar kasuwanci su sa ido a kan jabun kayan gyara kamar yadda ake sa ido a kan jabun magani, tun da dukansu kisa suke yi. Su ma masu motocin akwai nasu laifin, domin lodin da ya wuce kima, da mutane a saman buhuna ƙafafu na reto, da tsallake lokacin juyen mai, ba kamfani ne ya ɗora musu ba.

Abu na ƙarshe shi ne hanya. Yabon da muke yi wa wannan mota, in muka duba da kyau, shaida ce a kan abin da ba a gina mana ba. Hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka shimfiɗa domin yuraniyom a ƙarshen shekarun 1970, ta yi shekaru tana lalacewa har direbobi suka gwammace bin gefenta. Ƙauyukan da ke noma abin da birane ke ci, da damina ta sauka sai su yanke daga kasuwa da asibiti. Ranar da ƙaramar mota mai arahar mai za ta iya kai malamin makaranta da ungozoma inda katkat kaɗai ke zuwa a yau, ranar ce kuɗin sufuri zai sauka da gaske. Kafin wannan rana, Land Cruiser za ta ci gaba da ɗaukar nauyin da ya kamata kwalta ta ɗauka, mu kuma za mu ci gaba da biyan kuɗin.

Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.