Zuwa ga Ma'aikatan Ɗakunan Karatu na Mafara da Bakura da Maradun



Ina rubuto muku ne a kan wayar da ke aljihun kowannenku, da abin da ya kamata ta yi wa aikinmu. A cikinku akwai masu aiki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, akwai na Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, akwai na kwalejin aikin gona ta Bakura, akwai kuma malamin sakandare da aka damƙa wa mabuɗin ɗakin littattafai ƙari a kan aikinsa na aji. Da ku duka nake.

Ɗalibai sun rage zuwa laburare, wannan kowa ya gani. Tambayoyinsu dai ba su ragu ba. Sun koma yin su ne a zaurukan WhatsApp na ajinsu, inda mai saurin yatsa ke amsawa, ya sani ko bai sani ba. Can ya kamata a same ku, kuma da sana'arku za ku je. Abin da aka saba gani shi ne a dawo daga taron bita da zumuɗi, a buɗe shafin Facebook, a sa hoton shugaba yana karɓar baƙi, a yi barka da Sallah, sai shiru. Bayan shekara ko wanda ya buɗe shafin ya manta lambar sirrinsa. Ɗalibin da ke neman littafin lissafin injiniya da ƙarfe goma na dare ba abin da wannan shafi ya tsinana masa.

Ku fara da abu guda: layin waya na laburare, wanda ba na kowa ba ne shi kaɗai, da sanarwa a ƙofa cewa duk mai tambaya ya turo. Ku faɗi lokutan da kuke amsawa, ku kuma cika alkawari. Wanda ya tambaya ko akwai littafi kaza, a duba kanta a ba shi amsa, har da hoton shafin da ke jera babi-babi, don ya san ko zuwansa zai yi amfani kafin ya biya kuɗin mashin. In kun buɗe zaure, ku ware na sanarwa wanda ku kaɗai ke iya rubutu a ciki, domin zauren da aka sakar wa kowa, kafin mako ya zagayo ya cika da tallan atamfa da gardamar siyasa. Garuruwanku uku kowanne ya taɓa ba Zamfara gwamna, Yarima daga Bakura, Yari daga Mafara, Matawalle daga Maradun, saboda haka ba sai na gaya muku yadda gardamar ke kayawa ba.

Abin da kuka fi kowa iyawa a waɗannan kafafe shi ne sanin asalin magana. Tun a makaranta aka horar da mu mu tambayi wa ya rubuta, yaushe, a ina aka buga, bugu na nawa ne. Mutanenmu ma ba baƙin wannan ba ne, don duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an ji daga bakin wa ta fito, shi kuma daga wa ya ji. Saƙon waya shi ne ke yawo babu uwa babu uba. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya ratsa ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka yi asarar rayuka. Ba mugaye ba ne suka yi ta tura shi, iyaye ne da 'yan uwa masu son a tsira. Don haka ku mayar da shi ƙa'ida: duk abin da ya fita daga shafin laburare ya fita da sunan inda aka samo shi da kwanan wata. Ku koya wa ɗalibai ma'anar 'yan kibau biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa, ku nuna musu yadda ake sa hoto a Google Lens a ga ko tsoho ne na wata ƙasa, ku sanar da su akwai masu aikin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check. Darasin minti goma ne a lokacin karɓar sababbin ɗalibai, kuma a ganina ya fi zagayawa da su a nuna musu akwatin katin da ba za su taɓa buɗewa ba.

A yankinku wannan batu ya wuce na ilimi kawai. A shekarar 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, aka shiga kwalejin Bakura, aka ɗauki ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Allah ya kiyaye gaba. A irin waɗannan ranaku ne jita-jita ta fi gudu, kuma ba aikin laburare ba ne ya riga kowa ba da labari. Kada ku sa hoton ɗalibai, musamman mata, ba da yardarsu ba. Kada ku wallafa cewa motar makaranta za ta tashi ƙarfe kaza ta bi hanya kaza. Rajistar masu aron littafi, da lambobinsu da abin da suka ara, amana ce tun kafin a kafa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, balle yanzu da doka ta shigo ciki.

Akwai kuma mutanen da ba su taɓa taka ƙofarku ba, alhali waya ta kawo su kusa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ne ya ɗaure garuruwanku wuri ɗaya. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na buga takardun faɗakar da manoma, amma galibi a rubuce suke da Turanci, manomin shinkafa kuwa kunne ya fi ba aiki. Saƙon murya na minti biyu da Hausar gida, wanda ya ce ga abin da takarda kaza ta faɗa, ga wanda ya fitar da ita, zai shiga inda takardar ba za ta taɓa shiga ba. Iyakarku ke nan. Kada ku zama masu rubuta wa gona magani. In tambaya ta kai ga wane feshi za a yi, a haɗa mai tambaya da malamin gona.

Wani wurin da zuciyata ta fi karkata shi ne kayan gidanku. Alhaji Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan wannan yanki ne, haka ma Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Waƙoƙinsu na yawo daga waya zuwa waya, sau da yawa ba sunan wanda aka yi wa, ba shekara, wani lokaci har a liƙa wa wannan waƙar wancan. Wannan ai aikin katalog ne tsantsa. Ku nemi dattawan da suka san fada da iyalan makaɗan, ku nemi izininsu, ku naɗi bayaninsu, ku gwada shi da rubuce-rubucen masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau. Haka tarihin rikicin diyyar Bakolori na 1980, da aka rasa rayukan manoma: waɗanda suka gani da ido suna ta ƙarewa. Abin da kuka tabbatar daga littattafai kuma ku kai shi Wikipedia ta Hausa. Akwai gangamin 1Lib1Ref da aka fara a 2016, wanda ke roƙon kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara ko da guda ɗaya, kuma ƙungiyarmu ta Afirka, AfLIA, ta shiga cikinsa sosai.

Za a matsa muku da roƙon a turo littafi dungurungum. Ku yi hattara. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta yi wa ɗakunan karatu wasu sassauci, amma ba ta ce a ɗauki hoton littafin wani daga bango zuwa bango a watsa a zaure ba. Marubuciyar da ke sayar da labarinta a zauren biya da shi take sayen sabulu. Halal ɗin ma yana da yawa: mujallun Afirka a AJOL, na duniya a DOAJ, na aikin gona a AGORA ga makarantar da ta yi rajista, darussan jami'ar NOUN da ke shafinta kyauta, da littattafan yara na Hausa a African Storybook.

Duk da wannan, kada ku manta shafin nan rumfar haya ce a kasuwar wani. Ku kun fi kowa sani. A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka yi makonni sai mutum ya fita jihar kafin ya ji muryar ɗan uwansa. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022. Duk abin da kuka sa a Facebook ko Telegram, asalinsa ya kasance a kwamfutar laburare, da kwafi na biyu a wata ma'ajiya daban, da suna da kwanan wata. Ku sauke abin da ya halatta tun akwai sabis. Manhajar Kiwix na ba da damar karanta Wikipedia babu intanet, ɗalibai kuma sun riga ku iya tura fayil ta Xender.

Saura maganar kuɗi da mabuɗi. Kada ku yarda aikin ya rataya a kan datar aljihunku, domin ranar da albashi ya yi jinkiri ranar zai tsaya. Ku rubuta wa hukumar makaranta a takarda, ku nemi waya ɗaya da kuɗin data da na caji a kasafin laburare, ku haɗa da lissafin tambayoyin da kuka amsa a zangon da ya wuce. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kada kuma ku karanta wa kowa lambobi shida da WhatsApp ke turowa, ko da ya ce daga ofishin shugaba yake kira. Mutum biyu aƙalla su riƙe ikon shafin, a kuma rubuta shi cikin takardar miƙa aiki tare da mabuɗin ƙofa da rajistar littattafai, saboda ranar da za a yi wa ɗayanku canjin wurin aiki.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Naku,
Wani abokin sana'a