Digirin farko da ke bin mutum kamar inuwa

Ƙanena ya kira ni daga Amurka da tsakar dare, muryarsa a sanyaye. Yana digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma ya nemi aiki a wani babban kamfani mai ba 'yan kasuwa da gwamnatoci shawara. An kira abokin ajinsa ganawa, yaron da shi ƙanen nawa ke zaunar da shi ya koya masa lissafin kuɗi duk gab da jarrabawa. Shi kuwa shiru kake ji. Ya ce, "Yaya, layi ɗaya ne ya raba takardunmu. Shi a Yale ya yi digirin farko, ni a Zariya."

Da farko na ɗauka zafin rashi ne ke magana. Da na bi diddigi sai na ga da ƙamshin gaskiya. A 2015 wata malama a Jami'ar Northwestern, Lauren Rivera, ta fitar da littafi mai suna Pedigree, bayan ta tattauna da mutum 120 masu ɗaukar ma'aikata a manyan bankuna da ofisoshin lauyoyi da kamfanonin ba da shawara. Ta tarar cewa masu tace takardun neman aiki sun mai da sunan jami'a ma'aunin kaifin ƙwaƙwalwa. Wanda ya samu shiga Harvard ko Princeton yana ɗan shekara 18, a wajensu an riga an tantance shi.

Na fahimci dalilinsu. Jiga-jigan wannan sana'a, McKinsey da aka kafa a 1926 da BCG a 1963 da Bain a 1973, ba buhun shinkafa suke sayarwa ba. Mutane ne hajarsu. Duk kamfanin da zai tura wa shugaban masana'anta matashi, ya kuma caje shi kuɗi mai tsoka, yana son sunan da zai rufe bakin mai tambaya. Suna linzami ne.

Amma me wannan layin na sunan jami'a yake aunawa? Jami'ar da yaro ya shiga yana ɗan 18 ta fi ba da labarin garin da aka haife shi da nauyin aljihun mahaifinsa. Wanda ya gama digiri a Samaru ta Zariya, ya sha yajin aikin malamai, ya yi karatu da fitilar waya, sannan ya zo ya zauna aji ɗaya da ɗan Yale har yana koya masa, ai ya amsa tambayar da ake yi. Ci gaba da tuhumarsa da takardar da ya karɓa shekara bakwai baya rashin adalci ne, kuma asara ce ga kamfanin.

Gyaran bai fi ƙarfinsu ba. A 2015 reshen Deloitte na Birtaniya ya sanar da cewa zai ɓoye wa masu yin ganawa sunan makaranta da jami'ar mai neman aiki. Kuma waɗannan kamfanoni suna da gwajin da ya fi kowane suna: a ɗora wa mutum matsalar kasuwanci, a ce ya warware ta nan take. Gani ya kori ji. A bar shi ya kai ga teburin kawai.

Na ce wa ƙanena ya daina dogaro da tura takarda ta intanet. Ya nemi tsofaffin ɗaliban makarantarsa da ke cikin kamfanin, su ji yadda yake warware matsala, su miƙa sunansa da hannunsu. Na kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya goge Zariya daga takardar.