Kwaɗon ɓarawo a ƙofar asibiti

Duk ɗan kasuwa ya san ɓarawon da ke fasa kanti ya kwashe kaya. Akwai kuma wani iri wanda ya fi shi wayo: sai ya ɗaura nasa kwaɗo a ƙofa, ya tafi da mabuɗi, ya aiko a biya shi kafin a buɗe. Irin wannan ne ya faɗa wa asibitocin ƙasar Irlanda, maƙwabciyar Ingila, a shekarar 2021, ta hanyar kwamfuta.

Ranar 18 ga watan Maris, wani ma'aikacin hukumar lafiya ta ƙasar, wato HSE, ya buɗe wata takardar Excel da aka turo masa cikin wasiƙar intanet. Bai ga wani canji ba. Amma daga wannan rana ɓarayi sun sami ƙofa. Mako 8 suka yi suna yawo cikin na'urorin hukumar, suna kwafar abin da suke so. Ranar 14 ga Mayu, cikin dare, suka saki muguwar manhajarsu mai suna Conti, ta kulle kusan kashi 80 cikin 100 na tsarin kwamfutocin hukumar.

Da gari ya waye, likita ba ya iya ganin dosiyen mara lafiya, ko hoton radiyo, ko sakamakon awon jini. Na'urorin gashin ciwon daji lafiyarsu lau, amma suka tsaya, domin na'urar da ba ta san wane ne ke kwance gabanta ba, ko wane gwargwado aka rubuta masa, ba mai yarda ya kunna ta. Aka koma alƙalami da takarda. Ɓarayin suka nemi dala miliyan 20, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwar Maradi ba: sama da miliyar 10 na kuɗin sefa. Gwamnati ta ce ba ta biya. Bayan mako guda ɓarayin suka miƙa mabuɗin kyauta, amma duk da haka sai cikin watan Satumba aka gama buɗe na'urorin, kuma bayanan marasa lafiya 520 sun riga sun fita fili.

Abin da ya fi cancanta mai karatu ya tsaya a kansa shi ne rahoton binciken da kamfanin PwC ya fitar a Disamba 2021. Tun ranar 31 ga Maris, manhajar tsaro ta hango ɓarayin. To amma an saita ta ne ta duba kawai, ba ta hana ba: mai gadi ke nan da aka ce masa ya zuba ido, kada ya taɓa kowa. Kwamfutoci fiye da 30,000 suna aiki da tsohon Windows 7. Kuma a duk faɗin hukumar babu wani babban jami'i guda da aka ɗora wa nauyin wannan tsaro, wanda za a tayar daga barci idan an ga abin zargi. Ƙwarewar ɓarawo tana nan, amma sakacin gida ya fi ta yawa cikin rahoton.

Maganar ta shafi ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen kaya da ɗan kasuwan da ke kawo su, a kowace ƙasa suke. Na'urar asibiti ta yau kwamfuta ce da aka sa wa riga. Idan kwangila ta tsaya a kan kuɗin saye da na dako, ba ta faɗi wanda zai riƙa sabunta manhajar ba, ko shekara nawa zai yi yana yi, to an sayo ƙofa marar sakata. Haka nan kwafin bayanai: wanda aka bari haɗe da sauran na'urori, tare ake kulle su. A wani asibitin ƙasar, ma'aikata sun ga alamun kutse kwana biyu kafin harin, sun kai rahoto sama, aka shiga bincike, ba a kai ga rufe ƙofa ba sai da dare ya yi.