Robar da ke riƙe hoton haske: laifin masu alƙawari ne, ba na bincike ba

A shekarar 1966, Arthur Ashkin da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka sun ci karo da abin da ya ɓata musu aiki. Duk lokacin da suka harba hasken leza cikin wani kristal mai suna lithium niobate, sai hasken ya karkace ya watse. Suka ɗauki abin a matsayin lahani.

Daga baya aka gano cewa hasken ne ke kwashe cajin lantarki daga wuraren da ya haska zuwa wurare masu duhu, wannan kuma ya sauya yadda kristal ɗin ke lanƙwasa haske. Ma'ana, ana iya rubuta hoto a cikinsa, a goge, a sake rubuta wani.

Sai dai kristal na da tsada, kuma samar da babba aiki ne ja. Shi ya sa aka yi murna a 1991 da ƙungiyar W. E. Moerner a cibiyar IBM ta Almaden ta nuna cewa wata irin roba ma tana da wannan hali. Roba ta fi araha, ana kuma iya shimfiɗa ta da faɗi.

A 2010, masu bincike a Jami'ar Arizona ƙarƙashin Nasser Peyghambarian suka nuna allon roba mai fitar da hoton hologiram, wanda ake gani da zurfinsa ba tare da tabarau ba, yana sabuntawa duk bayan daƙiƙa 2. Nan take kafofin labarai suka fara maganar talabijin ɗin hologiram a falon kowa.

Har yau babu shi a kasuwa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Bidiyo na buƙatar hotuna kusan 30 a daƙiƙa ɗaya, robar kuma sai an ɗora mata lantarki na dubban bolt kafin ta yi aiki.

Wannan jinkiri ba hujja ba ce ta yanke wa fannin kuɗi. Kuskuren yana ga waɗanda suka tallata gwaji kamar hajar da ta kusa isa shago, su ne ke sa masu ba da kuɗin bincike su gaji da jira. Moerner ya samu kyautar Nobel a 2014, Ashkin a 2018, dukansu kan wasu ayyukan haske daban waɗanda su ma suka shafe shekaru a ɗakin gwaji.