Filin Mata: Kasuwar Masu Zane a Birnin Tokiyo

Makon nan za mu ɗan ajiye zancen girki da ɗinki, mu leƙa wata kasuwa can ƙasar Japan, wadda babban abin sayarwa cikinta shi ne littattafan da masu su suka zana da hannunsu.

Sunan kasuwar Comiket. Tana ci sau biyu a shekara a birnin Tokiyo, watau cikin watan Agusta da kuma Disamba. Japanawa mutane ne masu son labari cikin zane, irin wanda akan jera hotuna gida gida, maganar kowane mutum tana fitowa daga bakinsa cikin ɗan kewaye. Suna kiran wannan manga. Akwai manyan kamfanoni masu buga shi. Amma wanda mutum ya zana, ya biya kuɗin bugawa daga aljihunsa, ya kuma tsaya ya sayar da kansa, shi ake kira dojinshi, don shi kuwa aka kafa kasuwan nan.

Ran 21 ga Disamba 1975 ta fara ci. Waɗansu samari ne, cikinsu har da wani mai suna Yoshihiro Yonezawa, suka yi hayar ɗakin taro guda a ginin ƙungiyar 'yan kwana-kwana. Ƙungiyoyi 32 suka baje kayansu, mutanen da suka zo kuwa wajen 700 ne. To, ga abin da ya sa na kawo muku labarin: galibin waɗanda suka cika ɗakin nan 'yammata ne 'yan makaranta. A shekarun nan ne waɗansu mata masu zane, irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya, suka sake wa labarun 'yammata kama, har yara suka riƙa cewa a ransu, ashe mace ma tana iya wannan. Tun daga sa'an nan, shekara da shekaru, mata ne suka fi yawa cikin masu baje kaya a wurin.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Daga 1996 kasuwar ta zauna a wani makeken gini da ake kira Tokyo Big Sight. Cikin Disamba 2019 an ƙidaya shigar mutum 750,000 a kwana huɗu, masu sayarwa kuwa sun haura ƙungiya 30,000. Annobar korona ta tsai da ita a 2020, aka sake buɗewa cikin Disamba 2021. Masu aikin sa kai ne ke tafiyad da ita, su ke jera mutane layi, su ke nuna hanya.

Yanzu bari mu zo ga ita mai zanen. Da fari sai ta nemi wuri tun da sauran watanni, ta biya kuɗi. Da yake masu nema sukan fi wuraren yawa, ƙuri'a akan jefa. In ta ci, abin da za a ba ta rabin tebur ne, faɗinsa kamar yadi guda, da kujera biyu, na yini ɗaya tak. Ke nan duk wahalar da ta sha, ta zana da dare bayan ta taso daga aiki ko makaranta, ta kai maɗaba'a kafin ranar da aka yanka mata, a kan yadi gudan nan za ta ƙare. Takan shimfiɗa ɗan ƙyalle, ta jera littattafan, ta kafa takarda mai nuna farashi. Yawanci sukan sa kuɗin da ba shi da wuyar canji, kamar yen 500 ko 1,000, don kada layi ya tsaya ana laluben jaka. Duk wadda ta taɓa sai da ƙosai da safe ta san amfanin wannan.

Abin da ya fi wuya shi ne sanin kwafi nawa za a buga. In ta buga kaɗan, kuɗin kowane kwafi ya yi tsada, ga shi kuma ya ƙare tun da hantsi, masu so su koma hannu rabbana. In ta buga da yawa, sai ta koma gida da kwali niƙi niƙi, ya tare mata ɗaki, gidajen Tokiyo kuwa ba su da yalwa. Kada ku zaci wurin tara dukiya ne. Mafi yawansu ba su mai da ko uwar kuɗinsu, 'yan kaɗan ne ke cin riba mai kauri.

To, me ke kai su? Ni dai a ganina abu biyu ne. Na farko, babu wani mai kamfani tsakaninta da mai karatu, wanda zai ce canja nan, soke can, wannan ba zai sayu ba. Na biyu, tana ganin fuskar mai saye. Wata baƙuwa ta tsaya, ta ɗauki littafin, ta buɗa, ta yi dariya daidai inda aka so a yi dariya, sa'an nan ta miƙo kuɗi. Wanda aka buga masa littafi dubu dubu ma ba kullum yake samun wannan ba.

Waɗansu kuma daga irin wannan tebur suka yi fice. Akwai wata ƙungiya ta mata zalla mai suna CLAMP. Sun fara su fiye da goma cikin shekarun 1980, suna buga nasu da kansu. A 1989 aka fara buga aikinsu a mujallar kamfani, daga baya suka rage su huɗu, su ne suka yi labarin Cardcaptor Sakura a 1996, wanda aka mai da shi fim ɗin zane aka nuna a ƙasashe da dama. Har wa yau akwai wata kasuwar da ba ta kai wannan girma ba, Comitia, wadda ta fara a 1984. Ita ƙa'idarta sai labarin da mutum ya ƙaga da kansa, gama a Comiket da yawa sukan ari mutanen cikin labarin wani su gina nasu. Editoci sukan zo Comitia su kafa tebur, mai zane ta kai aikinta a duba, a faɗa mata inda ya yi da inda bai yi ba.

Wajibi ne in faɗa wa iyaye, ba duk abin da ke wurin ne ya dace da yara ba. Akwai na manya, akan sa masa alama, ba a kuwa yarda a sayar wa yaro ba. Saboda haka in 'yarki tana duba manga a waya, leƙa ki ga wane iri ne.

Mu ma nan sana'ar buga littafi da kuɗin kai ba baƙuwarmu ba ce. Tun cikin shekarun 1980 marubutan Kano, mata da maza, irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, suka bi wannan hanya da littattafan labari. A wajen zane ne aka bar mu baya, alhali hannun da ke fid da furen lalle ba tare da kuskure ba ai ba zai kāsa zana fuska ba. Yarinyar da ke cika bayan littafin lissafi da zane, kafin a ɗauko mata bulala a saya mata nata littafin dabam.

Ke kuma 'yar makaranta, ga yadda za ki gwada da takarda ɗaya. Ninka ta biyu ta tsawo, ki buɗe. Ninka ta biyu ta faɗi, ki sake ninkawa haka, ki buɗe, za ki ga gida takwas. Sake ninka ta biyu ta faɗi, ki sa almakashi daga wajen ninkin, ki bi layin tsakiya, ki yanka gida ɗaya kurum. Buɗe, ki ninka ta tsawo, ki turo bakin biyu ciki har tsagar nan ta buɗe ta haɗu, sa'an nan ki kwantad da shafukan gefe guda. Kin sami littafi mai shafi takwas, ba zare ba ƙusa. Sa lamba a kowane shafi da fensir kafin ki warware, don jeri guda zai zo a kife. Yi zanen da baƙin biro, gama fensir ba ya fita sosai a fotokwafi. Fara da kwafi goma, ki rubuta abin da kika kashe a kan kowane ɗaya kafin ki yanka masa farashi, ki ajiye na ainihin a cikin jakar da ruwa ba ya shiga.