A Riƙa Bayyana Dalilin Faɗuwar Jiragen Koyon Tuƙi

Ran 24 ga watan Agusta 2017 wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi na mayaƙan sama, irin wanda ake kira Air Beetle, ya faɗi a Kaduna, malamin da ke tuƙa shi ya rasu. Ran 19 ga Afrilu 2022 wani kuma, samfurin Super Mushshak, ya faɗi, hafsoshi biyu suka riga mu gidan gaskiya. Cikin Maris 2024 irin wannan jirgi ya sake yin haɗari kusa da filin jiragen soja, amma Allah Ya yi wa matuƙansa biyu gyaɗar dogo. Kowane karo hukuma takan ce ta kafa kwamitin bincike, daga nan sai jama'a su ji shiru.

Masana sun ce abubuwa uku ne kan kayar da jirgin koyo. Na farko shi ne halin sama, watau hazon hunturu da ke rufe hanya, da guguwar farkon damina. Na biyu lalacewar inji, musamman idan kayan gyara sai an aiko da su daga ƙetare, kamar Super Mushshak da aka sayo guda 10 daga Pakistan. Na uku kuskuren ɗan Adam, gama ɗalibi yana koyon tashi da sauka ne kusa da ƙasa, inda babu sararin gyara kuskure. Kowane ɗaya da maganinsa, amma likita ba ya ba da magani sai ya san ciwon.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kakuri ko Barnawa, tun da makarantar koyon tuƙin tana can arewacin kogi. To, jirgi bai san iyakar unguwa ba. Cikin Agusta 2015 jirgin soja samfurin Dornier ya faɗa kan wani gida a barikin Ribadu, mutum 7 da ke cikinsa suka rasu. Ban da haka, da harajin ma'aikaci ake sayen jiragen, kuma 'ya'yan talakawa ne ke shigarsu.

Akwai wata dangantaka kuma. Cikin 1964 aka kafa rundunar mayaƙan sama ta Nijeriya, a shekarar ce kuma aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON da ke Kakuri, duka biyu da taimakon Jamusawa. Idan rahoto ya nuna ƙarfen da ke yawan ba da matsala, injiniyoyin Kakuri da ɗaliban kwalejin fasaha ta mayaƙan sama za su san abin da ya kamata su koyi ƙerawa.

Hukumar soja takan kawo hujjar asirin tsaro. Lalle akwai asirin da ya wajaba a rufe, amma jirgin koyo mai farfela ɗaya ba shi ne asirin ƙasa ba. Haɗarin jiragen fasinja kuwa ana buga rahotonsa kowa ya karanta.

Saboda haka ya kamata Majalisar Tarayya ta wajabta wa mayaƙan sama su riƙa buga taƙaitaccen sakamakon kowane bincike, da matakin da aka ɗauka. Iyayen da suka ba ƙasa 'ya'yansu suna da hakkin sanin abin da ya same su. Allah Ya kiyaye gaba, amin.