GYARA KAYANKA: Juyen man sabon moto

Idan samarin Adar sunka komo daga cirani, abin da ke fara shiga ransu shi ne sabon moto. Manoman albasa na Tabalak da na kwarin Keita su kuma sabon injin ban ruwa suke nema. Duka biyun dukiya ce mai tsada, kuma abu guda ke riƙe da ransu, wato man inji. Filinmu na wanga wata a kan juyen mai na farko ya tsaya, wanda makanikai ke ce ma bidanji.

Wani saurayi na wani ƙauye tsakanin Tawa da Tabalak ya yi shekara 2 shina talla a Abijan. Da ya komo, ya zuba abin da ya tara ya sayi sabon moto a Tawa. Niyyarshi ya yi kabu-kabu, ya haɗa kuɗin aure, ya kuma riƙa kai tsohuwarshi likita. Kowace safiya sai ya zare sandar awon mai, ya ga mai cike, ya mayar. Ran nan ya biya wurin wani tsohon makanike don a ɗaure mishi sarƙa. Tsoho ya dubi kwantar, ya ga kilomita 1,200.

Ya ce: «Ɗana, yaushe ka yi bidanji?»

Saurayi ya ce: «Baba, ai sabo ne. Mai bai ragu ba ko kaɗan.»

Tsoho bai ce kome ba. Ya kwance bulon ƙasan inji, ya tare man a kwano, ya fito da shi rana. Sai ga mai baƙi, shina ƙyalƙyali kamar an barbaɗa mishi garin ƙarfe.

Ya ce: «Wanga da ka gani, naman injinka ne. Da ka ƙara wata biyu a haka, da kuɗin auren ya tafi wurin fistan da segiman.»

DALILIN JUYEN FARKO

Sabon inji kamar sabon dutsen niƙa ne: garin farko da tsakuwa yake fitowa. Ƙarafan ciki ba su saba da juna ba, suna gugar juna har su zauna. Wanga lokaci shi ake kira rodaji. Garin ƙarfen da ke zubowa cikin mai yake taruwa, mai kuwa shina zagayawa da shi ko'ina. Ƙananan motoci masu ƙafa biyu da yawa ba su da matatar mai ta takarda, ɗan rariya kawai gare su, kuma man nasu bai wuce wajen litar 1 ba. Motar alfarma ta Turai tana iya yin kilomita 10,000 ko fiye kafin juye, don tana shan litar 4 ko 5, tana da matata babba, ruwa ke sanyaya ta. Moton ƙauye iska ke sanyaya shi, iskar Afrilu da Mayu kuwa a Tawa zafinta na wuce awo 40. Ga ƙurar hunturu, ga rairayin hanya.

Don haka cikar mai ba ita ce lafiyar mai ba. Littafin da ake ba mai saye shina faɗin lokacin juyen farko. Ga yawancin moto 125, tsakanin kilomita 500 ne da 1,000. A ƙasarmu gara a ɗauki na kusa. Daga Tawa zuwa Abalak wajen kilomita 135 ne. Wanda ya je ya komo sau 2 ya riga ya wuce 500.

KAYAN AIKI

Mai sabo cikin galan wanda ba a fasa bakinshi ba, kilen da ya dace da bulo, kwanon tarar tsohon mai, mazurari mai tsabta, da tsumma. A dubi jikin galan: a ga 4T, a ga lambar kauri wadda littafi ya faɗa, kamar 20W-50 ko 10W-40. In an ga JASO MA, to man moto ne na ainihi. Wani man mota shina da santsin da ke sa ambarayaji zamewa, don a moto mai guda ke wanke inji da ambarayaji. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya, ba wanda ya san asalinshi. Arha ba ta ado.

YADDA AKE YI

1. A tada inji minti 3 zuwa 5 don mai ya yi ɗumi ya saki, sa'an nan a kashe. Kada a taɓa bututun hayaƙi.

2. A kafa moto kan ƙafarshi ta tsakiya, wuri mai daidai, inda iska ba ta kawo ƙasa. A goge bakin zuba mai kafin a buɗe shi.

3. A ajiye kwano, a murɗa bulon ƙasa zuwa hagu. A bar mai ya tsiyaye sarai.

4. In rariya da ɗan ƙarfe mai tsalle sunka biyo murfin, a lura da yadda sunka fito. A wanke rariyar da kananzir, a bari ta bushe, a mayar yadda take.

5. A dubi ɗan zoben da ke wuyan bulo. In ya tsage ko ya lotse, a sake shi. A fara ɗaura bulo da hannu har ya zauna, kana a ƙarasa da kile. Gindin inji ƙarfe ne mai taushi. Wanda ya taka kile da ƙafa sai ya cinye haƙoran ramin, gyaran kuwa ya fi kuɗin bidanji.

6. A zuba mai gwargwadon littafi, a rage kaɗan. A tada inji minti 2, a kashe, a jira minti 3. A goge sandar awo, a tsoma ta, moto na tsaye sak. Ga irin injin Honda da masu kama da shi, ba a murɗa sandar, ɗora ta kawai ake yi. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu. Wanda ya zarce zanen sama ya jawo hayaƙi da yoyo.

7. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. A rubuta ranar da lambar kwantar a littafi, a adana takardar sayen mai. In mai sayarwa ya ba da garanti, a tambaye shi tun ranar saye ko juyen farko wurinshi za a yi.

MASU INJIN BAN RUWA

Injin ba shi da kwantar, da awa ake ƙirga. Irin GX160 na Honda shina shan kashi 6 cikin 10 na litar. Juyen farko bayan awa 20 na aiki, ko wata 1. Daga nan sai kowace awa 100. Mai ban ruwa awa 5 a yini, kwana 4 ya cika awa 20, kwana 20 ya cika awa 100. A ajiye inji wuri mai daidai, a cika har bakin ramin zubi. Abin lura babba: sabon inji yakan fito daga kwali ba mai a cikinshi. Kada a ja igiya sai an duba. Injin da ya kama a tsakiyar rani, albasa ba ta jiran mai gyara.

TSOHON MAI

Dafi ne. Kada a zuba shi cikin fadama, ko kusa da rijiya, ko bakin tabkin Tabalak inda mutane ke kamun kifi, bisashe ke sha. Wasu makiyaya na shafa shi ga ƙazwar raƙuma da miyakun jakai. Wanga kuskure ne: dabba na lasa, fata na sha. Maganin ƙazwa na wurin ma'aikatan kiwo. A ɗura tsohon mai a galan, a toshe, a ajiye nesa da yara, a kai ma masu garaji. A wanke hannu da sabulu kafin cin tuwo.

Shi wancan saurayi, tsohon makanike ya sa shi ya yi juyen da hannunshi, shina zaune shina kallo. Da ya zo ɗaure bulo ya yunƙura zai sa ƙarfi, tsoho ya riƙe mishi hannu ya ce: «Ya isa, ɗana. Ba turken doki kake kafawa ba.» Yanzu ɗan littafi na ƙarƙashin sirdin moton, kuma samarin ƙauyensu wurinshi suke kawo nasu.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, filin zai yi bayani kan wankin matatar iska lokacin hunturu.